Manhajar da Ta Fi Daɗin Sauti: Cinikin da Babu Haja a Cikinsa

A kasuwar kayan sauti ta duniya akwai wata haja mai tsada wadda, idan aka bi bayanin masu sayar da ita har ƙarshe, za a tarar ta ƙaryata kanta. Hajar ita ce manhajar kunna waƙa a kwamfuta da ake tallatawa da alkawari biyu a lokaci guda. Na farko, wai tana isar da fayil ɗin waƙa zuwa na'urar sauti ba ragi ba ƙari, abin da masu wannan fage ke kira bit-perfect. Na biyu, wai sautinta ya fi na sauran manhajoji daɗi, har da waɗanda su ma suke isar da fayil ɗin ba ragi ba ƙari. Za ka ji ana cewa wannan ta fi ɗumi, waccan ta fi faɗi, wata kuma ta yaye wani labule da ke tsakanin mai sauraro da mawaƙi.

Alkawuran nan biyu ba sa zama a ɗaki ɗaya. Idan manhajoji biyu sun aika lambobi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, zuwa na'ura ɗaya mai lafiya, to babu inda bambancin sauti zai fito. Idan kuwa da gaske sautinsu ya bambanta, to ɗaya daga cikinsu ta taɓa lambobin, ko kuma na'urar tana da ciwo. Wannan shi ne matsayina, kuma zan bi hujjojin masu adawa da shi ɗaya bayan ɗaya, domin wasu daga ciki suna da ƙamshin gaskiya, kuma ƙamshin nan ne ake sayarwa.

Abin da ke cikin fayil

Sauti kaɗawar iska ce. Makirufo yana mayar da kaɗawar ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka, sai wata na'ura ta riƙa auna tsayin wutar a kai a kai tana rubuta kowane awo da lamba. A ƙa'idar faifan CD, wadda kamfanonin Philips da Sony suka tsayar a 1980, ana yin awo 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo ana rubuta shi da bit 16, wato lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. Tunda akwai ɓangaren dama da na hagu, waƙar minti huɗu ta ƙunshi lambobi 21,168,000. Fayil ɗin ke nan baki ɗaya, in ban da ɗan bayanin sunan waƙa da mawaƙi da ke manne da shi.

Ba da ka aka zaɓi 44,100 ba. Ayyukan Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949 sun nuna cewa idan aka auna sigina da saurin da ya zarce ninkin kaɗawarta mafi sauri, za a iya sake gina ta daidai. Kunnen matashi mai lafiya yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma yana raguwa da shekaru. Rabin 44,100 shi ne 22,050, wanda ya haye wannan iyaka.

A ɗaya ƙarshen hanyar akwai na'urar da ke mayar da lamba ta koma wutar lantarki, wadda ake kira DAC. Akwai ta a cikin kowace waya da kowace kwamfuta, akwai kuma ta musamman da ake haɗawa ta USB. Aikin manhajar kunna waƙa shi ne ta buɗe fayil, ta warware matsin da aka yi masa idan akwai, ta miƙa lambobin ga DAC. Ɗan aike ce. Isarwa ba ragi ba ƙari tana nufin lamba ta miliyan goma da ta fita daga fayil ita ce lamba ta miliyan goma da ta shiga DAC. Tambaya ce ta e ko a'a. Babu manhajar da ta fi wata zama ba ragi ba ƙari, kamar yadda babu kwafin takardar da ya fi wani kwafin zama daidai da asali idan duka biyun ba su bar harafi ɗaya ba.

Ciwon da ya taɓa zama na gaske

Adalci ne a faɗi cewa damuwar ta samo asali daga matsala ta haƙiƙa. Kwamfuta ba rediyo ba ce. Tana iya kunna waƙa, da ƙarar shigowar saƙo, da muryar bidiyo duk a lokaci ɗaya, don haka babbar manhajar da ke tafiyar da ita tana da wani sashe mai gauraya sautuka kafin ya miƙa su ga na'ura. Gaurayawa tana buƙatar a mayar da kowane sauti kan yawan awo ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 ƙa'idar AC'97 ta kamfanin Intel ta sa katunan sauti da yawa suna aiki a kan awo 48,000 kaɗai, don haka duk waƙar da aka ɗauko daga CD sai an sake lissafa ta daga 44,100 zuwa 48,000. Katin Sound Blaster Live! na 1998 ya yi suna wajen yin wannan lissafi da gurɓata mai aunuwa. Mai gaurayawar Windows XP, wato KMixer, shi ma ya sha suka kan taɓa lambobi. A kwamfutocin Apple kuwa, a wancan lokaci iTunes ba ya sauya yawan awon na'ura da kansa idan an tashi daga wannan fayil zuwa wancan, sai mutum ya shiga Audio MIDI Setup ya gyara da hannu.

Saboda haka aka nemi hanyoyin kewaye mai gaurayawa. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da ASIO a 1997 domin masu aikin situdiyo. Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, ta zo da WASAPI mai hanya biyu: ta tarayya, inda kowa ke bi ta mai gaurayawa, da ta keɓewa, inda manhaja ɗaya ke riƙe na'urar ita kaɗai ta miƙa lambobinta kai tsaye. A Linux ana iya magana da na'ura kai tsaye ta ALSA. A Mac manhajoji irin su Amarra da Pure Music da Audirvana sun ɗauki nauyin sauya yawan awo da kansu. Android ta daɗe tana mayar da yawancin sauti kan 48,000, har sai da Android 14 ta 2023 ta buɗe hanyar isarwa kai tsaye ga DAC na USB.

Ma'anar wannan tarihi ita ce an yi maganin ciwon tun da daɗewa, kuma maganin kyauta ne. Manhajar foobar2000, wadda Peter Pawłowski ya saki a 2002 ba tare da karɓar ko sisi ba, tana bin hanyar keɓewa. Abin da ya rage bayan warkewar ciwon shi ne tsoronsa, kuma tsoro ya fi magani riba.

Ana iya aunawa

Masu tallar manhaja suna son a ɗauki batun kamar ɗanɗanon miya, kowa da harshensa. Amma isarwa ba ragi ba ƙari tana da gwaji, kuma gwajin ba ya buƙatar kunne.

Tsohuwar dabara ita ce a ɗauko fayil mai ɗauke da sautin DTS da aka cusa cikin rigar fayil ɗin CD, a aika shi ta wayar S/PDIF zuwa na'urar da ta iya karanta DTS. Idan lambobin sun isa lafiya, kiɗa zai fito. Idan wani abu a hanya ya taɓa su, ko da rage ƙara ne kaɗan, abin da zai fito shi ne shuuu kamar rediyon da ya rasa tasha. Dabara ta biyu ita ce a naɗi abin da ke fita daga kwamfutar tun yana lamba, a jera shi da fayil na asali, a debe wannan daga wancan. Idan sakamakon sifili ne tun daga farko har ƙarshe, magana ta ƙare. Wasu na'urori ma, kamar ADI-2 DAC na kamfanin RME na Jamus, suna da wannan gwaji a cikinsu: ka kunna fayil ɗin gwaji, allon na'urar ya gaya maka ko ya iso daidai.

Duk manhajar da ta ci wannan gwaji ta gama aikinta. Wanda ya ce tasa ta ci gwajin kuma ta fi sauran da suka ci daɗi, wajibi ne ya nuna ta wace ƙofa daɗin ya shigo. Ƙofofi uku aka saba nunawa.

Ƙofa ta farko: ɗingishin agogo

Suna cewa lambobi ɗaya ne, amma lokacin isowarsu ya bambanta. Akwai gaskiya a tushen maganar. DAC tana buƙatar ta fitar da kowane awo a daidai lokacinsa, kuma idan agogon da ke ba ta umarni yana ɗingishi, wani bugun ya yi gaggawa wani ya makara, sautin zai gurɓata. A tsoffin hanyoyin haɗi, irin su S/PDIF da USB na farko-farko, DAC tana tsamo agogonta ne daga siginar da ke shigowa, don haka rashin nutsuwar mai aikowa yana iya shafar ta.

Sai dai DAC na USB na zamani mafi yawansu ba haka suke aiki ba. Suna da agogonsu na kansu da kuma ɗan rumbu da lambobi ke taruwa a ciki. Kwamfuta tana zuba lambobi a rumbun, DAC tana ɗiba bisa bugun agogonta, kuma ita ce ke gaya wa kwamfutar ta ƙara ko ta rage saurin aikowa. Kamar tankin ruwa ne a saman gida: ko mai kawo ruwa ya zo da safe ko da hantsi, famfo zai zuba daidai muddin tankin bai bushe ba. Idan ya bushe kuwa, abin da za a ji shi ne tsinkewa ko ƙas-ƙas, wanda kowa zai gane. Kuskuren bit ɗaya a hanya ma haka yake: ba ya san wace lamba ce muryar mawaƙi balle ya sa mata ɗumi.

Ko a inda ɗingishin yake, sai a tambayi girmansa. Wasu masu bincike a Japan sun wallafa gwaji a 2005 inda suka riƙa cusa ɗingishi marar tsari cikin kiɗa da gangan, suka ga ƙwararrun masu sauraro ba sa gane shi sai ya kai ɗaruruwan nanosakan. Ɗingishin DAC mai kyau a yau ana auna shi ne da fikosakan, wanda ya gaza nanosakan sau dubu.

Ƙofa ta biyu: hayaniyar lantarki

Da ƙofar farko ta rufe, sai a koma cewa manhaja mai nauyi tana sa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki tuƙuru, aikin yana haifar da hayaniyar lantarki, hayaniyar tana bin wayar USB ta shiga DAC. Daga nan ne aka samo shawarwarin a kashe duk wani aikin kwamfuta, a ɗora waƙa gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwa kafin a kunna, har da cewa fayil ɗin WAV ya fi na FLAC daɗi domin warware matsin FLAC yana wahalar da kwamfuta.

Hayaniyar lantarki gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da amfilifaya tana kan caji ya ji wani zuuu, ko ya ji ƙara tana bin motsin linzami, ya san da ita. Amma a lura da abubuwa biyu. Hayaniyar tana fitowa a awo, kuma maganinta sananne ne: gyara haɗin waya da ƙasa, amfani da wayoyi masu soke hayaniya irin na situdiyo, ko sayen DAC da aka raba ɓangarenta na sauti da wutar kwamfuta. Na biyu, DAC ɗin da sautinta ke sauyawa saboda kwamfuta ta ɗan yi lissafi DAC ce marar inganci, kuma sayen manhaja don a lallaɓa ta daidai yake da barin jaki a daki taiki. Warware FLAC kuwa aiki ne da wayar salula mafi araha ke yi ba ta ko ji a jikinta ba. Kwamfutar da ke kunna waƙar tana tafiyar da ayyuka masu yawa a bayan fage da suka fi wannan nauyi nesa.

Nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa. Kamfanin da ya ce manhajarsa tana rage hayaniyar da ke isa ga lasifika yana iya auna abin da ke fita daga DAC da manhajarsa, ya auna da ta kyauta, ya wallafa zanen biyu. Aikin yini ɗaya ne. Mai saye yana da haƙƙin ya nemi wannan zane kafin ya zaro kuɗinsa, kuma ya ɗauki rashinsa a matsayin amsa.

Ƙofa ta uku: ai da kunnena na ji

Wannan ita ce ƙofar da ta fi wuyar rufewa, domin masu faɗin haka ba maƙaryata ba ne. Sun ji bambanci. Tambayar ita ce daga ina ya zo.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wannan fage karin maganar ta zama zahiri. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun gwada lasifikoki a gaban masu sauraro sau biyu, sau ɗaya suna ganin abin da ke kiɗa, sau ɗaya a bayan labule. Makin da aka ba lasifikokin ya sauya da aka ɗaga labulen, manya masu tsada suka ƙara daraja, kuma ƙwarewar mai sauraro ba ta kare shi ba. Ƙari a kan haka, idan ɗaya daga abubuwa biyu da ake kwatantawa ya ɗan fi ƙara, ko da da rabin desibel ne, kunne ba ya cewa ya fi ƙara, sai ya ce ya fi cika da haske. Shi ya sa masu gwaji na gaske ke daidaita ƙara har zuwa kashi ɗaya cikin goma na desibel. Sannan ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin siffar sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya rufe wannan manhaja, ya buɗe waccan, ya nemo waƙar, ya kunna, yana kwatanta sauti ne da tunaninsa na sauti.

A 2022 an ga misalin da ya kamata ya sa kowa tawali'u. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya yi suna wajen buga faifan garmaho masu tsada, wasu fiye da dala 100, waɗanda masu saye suka ɗauka an yanko su ne kai tsaye daga tef na asali ba tare da sautin ya taɓa zama lamba ba. Sai ta bayyana cewa kamfanin ya shafe shekaru yana mayar da sautin lamba a tsakiyar aikin. Mutanen da suka rantse kunnensu yana gane sautin lamba daga nesa sun yi ta yabon faifan nan a matsayin hujjarsu. Maganar ta kai kotu, kamfanin ya sasanta da masu saye.

Akwai kuma gwajin Brad Meyer da David Moran da aka wallafa a mujallar Audio Engineering Society a 2007. Sun riƙa kunna faifai masu awo sama da na CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage su zuwa ƙa'idar CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne wanne ba. A gwaji 554 an dace sau 276, wato ƙasa kaɗan da rabi, abin da jefa kwabo zai bayar. An soki tsarin gwajin, kuma a 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18 ya sami cewa ana iya ganewa, amma da ƙyar: dacewar ta ɗan ɗara 52 cikin ɗari. A lura cewa a can fayilolin sun bambanta da gaske, amma rigimar ta tsaya a kan kashi biyu cikin ɗari. To ina ga inda lambobin iri ɗaya ne sak, amma ake cewa bambancin kamar dare da rana?

Hanyar raba gardama sananniya ce, ana kiranta ABX. Ka ji A, ka ji B, sai a ba ka X wanda ɗayansu ne, ka faɗi wanne. Idan ka dace sau 12 cikin 16, yiwuwar sa'a ce kawai ta gaza 4 cikin ɗari, kuma ka cancanci a saurare ka. Abin sha'awa, shafin tambayoyi na foobar2000 kansa ya amsa cewa manhajar ba ta fi sauran daɗin sauti ba, ya danganta yawancin bambancin da ake ji ga tsammani. Mai kayan da ba ya neman kuɗinka ne ya iya faɗin haka.

Shi kansa ba ragi ba ƙari ba farilla ba ne

Zan ƙara gaba. Ko isarwar da aka tabbatar ba ta cancanci tsarkin da ake ba ta ba a wajen sauraro. Mafi yawan DAC na yau, da zarar lambobi sun shiga, suna ninka yawan awonsu sau da yawa, su tace, su sake fasalinsu kafin su zama wuta. Lambobin da aka yi ta tsaro a hanya ana sauya su a bakin ƙofa.

Rage ƙara a cikin manhaja yana karya ƙa'idar ba ragi ba ƙari, domin ana ninka kowace lamba da wani kaso. Shin asara ce? Kowane bit yana daidai da kusan desibel 6, don haka bit 16 na ba da tazarar desibel 96, bit 24 kuma kusan 144. Manhajojin yau suna lissafi da bit 32 ko 64, su miƙa wa DAC bit 24. Waƙar CD da aka rage wa desibel 24 ta sauka da bit huɗu ne a cikin fili mai rarar bit takwas. Kuskuren lissafin yana can ƙasa da hayaniyar na'urar kanta, balle ta fanka ko janareton maƙwabci.

Babban mai sauya sauti kuwa shi ne ɗaki. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita huɗu yana kumbura sautin da ke kaɗawa wajen sau 43 a daƙiƙa da ninke-ninkensa. Hawa da saukar desibel goma a ƙananan sautuka abu ne da aka saba gani a ɗakunan zama, kuma matsar da kujera taku biyu yana sauya shi. Gyaran wannan da ikwalaiza, bayan an auna ɗakin da makirufo, yana taɓa kowace lamba a fayil, kuma yana kawo gyaran da kowa zai ji a bayan labule. Wanda ya ƙi shi don kare tsarkin lambobi ya zaɓi aƙida a kan kunnensa. Haka ma ReplayGain, tsarin da David Robinson ya gabatar a 2001 don daidaita ƙarar waƙoƙi. A nan manhajar HQPlayer ta Finland ta fi wasu gaskiya, domin ta fito fili ta ce sauya lambobi take yi da matatun lissafinta. Ana iya gardama kan ko ana jin amfanin, amma aƙalla akwai abin da za a auna.

Yadda ya kamata a kwatanta manhajoji

Wannan duka ba ya nufin manhajoji ɗaya suke, ko biyan kuɗi wauta ne. Sun bambanta ƙwarai, a wuraren da ido ke gani. foobar2000 kyauta ce, marar nauyi, tana karɓar gyara iri-iri, amma sai mai haƙuri. MusicBee ita ma kyauta ce a Windows, ta fi sauƙin sabo. JRiver Media Center ta kuɗi ce, tana riƙe tarin waƙoƙi mai girma, tana haɗa bidiyo, tana da kayan gyaran sauti masu ƙarfi. Roon, wadda ta fito a 2015 kuma Harman ya saye ta a 2023, tana karɓar kuɗin rajista, abin da take bayarwa shi ne bayanan mawaƙa da faifai, da aika kiɗa ɗakuna da yawa, da nuna duk matakin da sauti ya bi. VLC tana buɗe kusan kowane fayil amma ba a gina ta don tsara tari ba.

Tambayoyin da suka dace su ne: tana wucewa daga waƙa zuwa waƙa ba tsinkewa? Tana sauya yawan awo da kanta? Ana sarrafa ta daga waya? Idan na daina biya, me zai rage a hannuna? Mai tarin waƙoƙin Hausa yana da ƙarin tambaya: tana rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai, kuma idan na nemi Dankwairo za ta kawo mini Ɗanƙwairo? Manhajar da darajarta ke kan rumbun bayanan faifan Turai da Amurka ba lallai ta amfani wanda tarinsa kaset-kaset ne da aka juya ba. Wanda ya biya don waɗannan ya sayi abin da ke akwai.

Inda ba ragi ba ƙari yake da nauyi

Akwai wurin da wannan ƙa'ida take da muhimmancin gaske, kuma shi ne wurin da aka fi sakaci da ita: adanawa. Kuskuren sauraro yana wucewa da waƙar, kuskuren adanawa kuwa ana gadonsa. Saboda haka ne FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, yake ɗauke da hatimin lissafi na MD5 da ke ba da damar a tabbatar bayan shekara ashirin cewa ko lamba ɗaya ba ta sauya ba. Saboda haka ne manhajar Exact Audio Copy da tsarin AccurateRip suke gwada abin da ka kwafo daga CD da abin da wasu suka kwafo. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a juya tsofaffin naɗe-naɗe da awo 48,000 da bit 24 a mafi ƙaranci, a fayil marar asara.

A dubi yadda waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suke yawo a wayoyinmu. Da yawa daga kaset aka juyo su, aka matse su zuwa MP3. MP3 mai kilobit 128 yana riƙe kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ne na girman bayanan CD, sauran an zubar har abada. Tura fayil daga waya zuwa waya ba ya rage shi. Abin da ke rage shi shi ne sake matsewa: a mayar da shi bidiyo, a ɗora a Facebook ko YouTube, wani ya sauke ya sake mayar da shi MP3, wani ya ɗora muryarsa a kai yana tallar shagonsa. Kowane zagaye yana ɗebe wani abu daga amon kalangu da kuntigi, kaset ɗin asali kuma yana lalacewa a cikin kwali saboda zafi da ƙura. Babu manhajar da za ta dawo da abin da aka zubar, komai tsadarta. Metallica ma, da duk kuɗinsu, faifansu Death Magnetic na 2008 an matse ƙararsa tun a situdiyo har masoya suka gwammace kwafin da ke cikin wasan Guitar Hero. Abin da aka ɓata a tushe, isarwa mai aminci ɓataccensa za ta isar.

Don haka ga mai kuɗin da zai kashe a kan sauti, jerin a bayyane yake. A fara da neman naɗi mai kyau, sai lasifika ko hedifon, sai wurin ajiye su da gyaran ɗaki, sai DAC da amfilifaya masu lafiya, waɗanda a yau ba su da tsada. Manhaja a zaɓe ta don sauƙin aiki, a kunna hanyar keɓewa idan ana so, a yi gwajin sau ɗaya, a manta da ita. Wanda kuma yake da kaset na Shata ko Ɗanƙwairo a gidan mahaifinsa, kuɗin rajistar shekara ɗaya na manhaja mai tsada ya fi amfani idan ya kai kaset ɗin wurin mai na'ura mai kyau, aka juya shi zuwa FLAC, aka rubuta sunan waƙa da abin da aka sani na lokacin naɗinta, aka ajiye kwafi biyu a wurare biyu.